Telan da Ya Kai wa Yayarsa Aladiya

Akwai wani mutum a cikin wani gari, tela ne, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya ɗinka maka riga sai ka ce da ita aka haife ka. Yana da shago a bakin titi, yana da mata da 'ya'ya uku, ran Lahadi kuma a majami'a ba ya wuce benci na biyu daga gaba, da babbar riga ta sha guga. Duk wanda ya gan shi sai ya ce mutumin nan ba shi da damuwa. Amma yana da ita. Yana da yaya mace a ƙauye, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Ita yayar tasa kiwon aladu take yi, ita da mijinta, a gonarsu ta gado da ke gindin wani dutse. Mahaifinsu ya rasu tun telan yana yawo ba wando, ita ce ta goya shi, ita ce ta kai shi koyon ɗinki. Keken ɗinkinsa na fari ma, aladu biyu ta kora kasuwa ta saya masa. Kowa a dangi ya san wannan, shi ma ya sani, sai dai zaman birni yana sa mutum mantuwa iri-iri.

Ga abin da ya raba su. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, abokan telan suka zo gaisuwa daga birni, mota biyu, da turare da takalma masu ƙyalli. Dabba kuwa ba ta san makoki ba, ko an yi rasuwa sai ta ci. Yayar ta share hawaye, ta je ta zuba wa aladunta dusa, ta dawo da sauri don ta gai da baƙin ƙanenta. Tana durƙusawa sai telan ya toshe hanci a gaban mutane, ya ce, "Haba Yaya, ki je ki yi wanka tukuna mana. Warin aladu kike yi."

Ta tashi, ta shige cikin gida, ba ta sake fitowa ba har baƙin suka tafi.

Maganar ba ta ɗauke shi ƙiftawar ido ba, amma ta zauna masa a ƙirji shekara shida. Duk ranar jibin Ubangiji, in aka miƙo masa gurasa, sai ya ga bayan yayarsa tana shigewa gida. Matarsa ta gaji da ce masa, "Maigida, ka je ka ba Yaya haƙuri mana, me zai rage ka?" Yakan ce zai je, bari dai ɗinkin Kirsimeti ya wuce. Na Kirsimeti ya wuce sai na Ista, na Ista ya wuce sai kayan 'yan makaranta. Wanda ya taɓa kai wa tela yadi ya san irin wannan gobe.

Wata damina abin ya ishe shi, ya ce zai je. Amma da ya gwada maganar a bakinsa, shi kaɗai a shago, "Yaya, ki gafarta mini," sai ya ji ta yi masa nauyi, ta ƙi fita. Sai ya yi dabara. Ya ce a ransa, "Bari in saya mata aladiya, babba, irin wadda ba ta taɓa mallaka ba. In ta gani za ta san na daina raina sana'arta. In ta karɓa ta sa cikin garkenta, to ta karɓe ni ke nan, ba sai na buɗe baki ba."

Ya tafi babbar kasuwar aladu, inda ake kawo su daga garuruwa da yawa, a zube su wuri guda suna ihu. Bai san kome game da alade ba. Ya zaɓa yadda yake zaɓen yadi, ya duba haske, ya duba faɗi. Ya ga wata fara ƙatuwa mai manyan kunnuwa, dillali ya yi ta kuranta ta, telan ya ce ita ce. Aka ɗaure ta a bayan a-kori-kura, shi ya shiga gaba yana ta murmushi shi kaɗai, suka kama hanyar ƙauye.

Da la'asar suka isa. Mijin yayar, wanda ake kira Baban Keziya, shi ya fara ganinsa, ya yar da fartanya ya taho da murna yana cewa, "Lale, lale! Yau wace rana!" Sa'an nan yayar ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Ta tsaya ta dube shi.

Ta ce, "Auta, kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya."

Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi matarsa da yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har wanda aka haifa ba ta gani ba. Ta kawo ruwa ya sha. Shi kuwa hankalinsa na kan mota, ya ƙosa a sauke kyautarsa. Aka sauke. Ya ja baya ya harɗe hannu yana jiran guɗa.

Yayar ba ta yi guɗa ba. Ta zagaya aladiyar sau biyu ba ta taɓa ta ba, ta dubi idonta, ta dubi hancinta, ta daɗe tana duban wutsiyarta. Ta ce, "Daga kasuwa ka sayo ta?"

Ya ce, "Daga babbar kasuwa. Duk wurin ba wadda ta kai ta."

Ta ce, "Ta yi kyau. Allah ya sāka da alheri. Baban Keziya, a kai ta ɗakin baya."

Ɗakin baya wani ɗan ɗaki ne shi kaɗai, can bayan gonar masara, ƙarƙashin wani mangwaro, nesa da inda sauran aladu suke. Telan ya bi su da ido, ya ce, "Ba cikin 'yan'uwanta za a sa ta ba?"

Ta ce, "Ba yanzu ba. Sai ta yi mako huɗu a can."

Ya haɗiye wannan. Ya ce to bari ya leƙa garken, ya ga arzikin gidan. Ya nufi shingen ke nan sai ta tare shi, ta ce, "Kada ka shiga da takalmin nan, da kayan nan. Ka je ka yi wanka tukuna."

Sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce a ransa, "Ashe ba ta manta ba. Shekara shida tana riƙe da maganata, yau ta mayar mini da ita cif-cif." Ya shiga banɗaki da bokiti, ya yi wankan, kunya da haushi suna cinsa.

Kashegari da safe suka ba shi tsofaffin kayan Baban Keziya da takalmin ruwa. A ƙofar shingen akwai wani kwano mai faɗi cike da ruwan magani mai warin asibiti, kowa sai ya tsoma ƙafa a ciki kafin ya wuce. Ya tsoma, ya shiga yana shirin riƙe numfashi. Abin mamaki, bai ga dalili ba. An share ɗakunan ƙal, an wanke komin abinci, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Aladun ma da kansu sun ware kusurwa guda ta bayan gida, ba sa ɓata inda suke kwana. Baban Keziya ya lura da fuskarsa, ya yi dariya ya ce, "Mai alade ne ke ƙazanta, Auta, ba alade ba. Ka ba shi wuri ka gani."

Telan ya tsaya yana kallon yayarsa tana aiki, kuma ko da yake ransa a ɓace yake, bai iya hana kansa sha'awa ba. Tana shiga duk suka taso suna gurnani, kowa yana so ta taɓa shi. Ta san wanda ke cin abincin 'yan'uwansa, ta ware masa nasa. Ta san wadda ta kusa haihuwa, ta ce wata uku da mako uku da kwana uku suke yi, kuma na wannan zai cika ran Talata. Wani ƙaton namiji da telan ba zai yarda ya matsa kusa da shi ba, ta sosa masa ciki da ƙafa, ya zube ƙasa ya lumshe ido. Uwaye uku ne suke da goyo, 'ya'yansu ashirin da shida, jajaye-jajaye, suna ta tsalle. Ta haƙo jar ƙasa daga gindin dutse, wurin da dabba ba ta takawa, ta zuba musu a kusurwa suna lasa, ta ce ita ke ƙara musu jini. Dusar masara, ɓawon rogo da aka shanya, ganyen dankali, ba abin da ke lalacewa a gidan. Kashin aladun kuma a gona yake ƙarewa, shi ya sa masararsu ta fi ta kowa duhu a ƙauyen. Da wannan aikin suka rufa ɗakunansu da kwano, da shi 'yarsu Keziya take karatun jinya a birni. Telan ya ga lalle wannan sana'a ce mai ilmi, kuma yayarsa gwana ce a cikinta, gwanintar da ta fi tasa a kan keke.

Amma duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya hango ɗakin baya. Ya sa ido, ya ga abin da ya ƙara ƙona masa rai. Sai kowane alade a gidan ya ci ya ƙoshi, sa'an nan yayar take ɗaukar bokiti ta nufi wurin tasa. Kafin ta je sai ta sake takalmi, ta ɗaura wani tsohon zane. In ta dawo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kamar wadda ta taɓa mushe. Ya ce a ransa, "Kyautata ce ta ƙarshe, ragowa ake kai mata, kuma ƙyamarta ake yi. Ni ake nufi, ba aladiya ba."

Da ya tambaye ta, da ya huta. Amma mutumin da ya kasa cewa a gafarta masa, tambaya ma wuya take yi masa.

Rana ta uku da hantsi yayar ta tafi taron zumuntar mata a majami'a, Baban Keziya yana can ƙasan gona yana huɗa. Telan ya dubi hagu ya dubi dama. Ya ce, "Dabbata ce, ni na sayo. In ta dawo ta tarar da ita cikin sauran suna ci tare, ta ga ba abin da ya faru, ai dole ta bar ta." Ya ɗauki igiya ya tafi ɗakin baya.

Wanda bai taɓa jan alade ba bai san wahala ba. Ya ja gaba, ta ja baya. Ya tura ta daga baya, ta zauna. Ta shiga masara da shi, ta fito da shi, ta kayar da shi sau biyu cikin laka. Da ƙyar da gumi ya kai ta bakin shingen. 'Yan ƙananan nan ashirin da shida suka taso suna leƙe ta tsakanin itatuwa. Ya tsallake kwanon maganin, ya ɗora hannu a kan sakata.

Sai ya ji ihu daga bayansa: "Auta! Kada ka buɗe!"

Yayarsa ce, ta dawo ɗaukar littafin waƙoƙinta da ta manta. Tana gudu, macen da ta ba hamsin baya, ɗankwali ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta fizge igiyar daga hannunsa, ta ja aladiyar baya da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Tana haki ta ce, "Kana so ka kashe ni ne? Wa ya aike ka?"

Abin da ya daɗe yana dafawa a ciki ya zubo. Ya ce, "Na sani, Yaya, tun ranar da na zo na sani! Ba ki yafe mini ba. Na kawo miki kyauta kin jefar da ita bayan gona. Kin ce in je in yi wanka. In ramuwa ce kin rama, sai ki faɗa mini in kama hanyata."

Ta tsaya tana dubansa, igiya a hannu. Ta ce, "Ashe abin da ke ranka ke nan?" Ta buɗe baki kamar za ta ƙara, sai aladiyar ta yi wani tari mai zurfi. Yayar ta juya da sauri, ta ce, "Bari in mayar da ita tukuna." Ta mayar, ta dawo ta yayyafa ruwan magani a duk inda suka taka, ta bi da toka. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya haɗa jakarsa, aka kira shi cin tuwo ya ce ya ƙoshi. Sai dai motar fasinja ba ta shiga ƙauyen sai ran kasuwa, saura kwana biyu, dole ya kwana.

Da gari ya waye ya ji ƙarar babur. Ya leƙa ya ga Baban Keziya ya fita a guje ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Gidan shiru, ba a hura wuta ba. Ya zagaya bai ga yayarsa ba, sai ƙafarsa ta kai shi ɗakin baya.

A can ya same ta, durƙushe a ƙasa. Aladiyar tana kwance ta gefe, cikinta na hawa yana sauka, majina na zuba daga hancinta. Yayar ta jiƙa buhu ta rufa mata don zafin jiki ya sauka, ta tallafi kanta a cinya, tana ɗura mata kunun dusa da ludayi kaɗan-kaɗan, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda ake lallashin yaro. Ya dubi komin abincin jiya da ba a taɓa ba. Ba ragowa ba ce. Dusa ce mai laushi da garin ƙuli-ƙuli da yankakkiyar gwanda, abin da ko masu goyo ba kullum suke samu ba.

Ba a jima ba Baban Keziya ya dawo da likitan dabbobi a bayan babur. Likitan ya duba, ya yi mata allura, ya ce ciwon huhu ne, daga kasuwa ta ɗauko shi, kuma yana yaɗuwa ta numfashi da majina da ƙafar mutum. Ya ce, "Ita babba ce, in an kula da ita za ta tashi. Amma da ta shiga cikin ƙananan nan, kafin mako guda da kun yi ta haƙa rami. Mama, kin kyauta da kika ware ta."

Da likitan ya tafi, telan ya jingina da bango. Ya tuna hannunsa a kan sakata. Ya ce, "Yaya, kin san ba ta da lafiya?"

Ta ce, "Ban tabbata ba. Amma alade mai lafiya wutsiyarsa a murɗe take, tata kuwa tun da aka sauke ta a sake take. Ko da lafiyarta ƙalau ma, duk wanda ya fito kasuwa nan yake fara zama, ko ni na sayo shi. Wanka kuma, ko fasto ne ya biyo ta kasuwar aladu sai ya yi kafin ya shiga shingena. Tambayi Baban Keziya sau nawa na mayar da shi daga ƙofa."

Ya ce, "To me ya sa sai ƙarshe kike zuwa wurinta?"

Ta ce, "In na fara da ita, ai a ƙafata zan kai wa sauran ciwon. Nata nake fara ɗiba in ajiye, ita nake kai wa daga baya."

Ya ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ajiye ludayin. Ta ce, "Shekara shida ban sa ka a ido ba. Ka zo da kyautarka kana murna, sai in tare ka da cewa marar lafiya ka sayo? Na ce bari in yi jinyarta shiru, in ta warke ba sai ka ji ba. Da ba na son ta, Auta, ai mahauci na nan kusa. Ba zan riƙa ɗebo ruwa sau biyu daga rafi saboda abin da nake ƙi ba."

Telan ya rasa inda zai sa kansa. Duk abin da ya lissafa a kan ƙiyayya, ƙauna ce, kuma ƙauna mai wahala. Ya durƙusa a wurin, cikin laka da dusa, hawaye na zuba, maganar nan da ta ƙi fita a shago ta fito da kanta. Ya ce, "Yaya, na wulakanta ki ranar jana'izar Mama, a gaban baƙi, ke da kika goya ni. Jiya kuma saura kaɗan in hallaka miki garke. Na yi laifi. Ki gafarta mini."

Ta dube shi, idonta ya cika. Ta ce, "Na yafe maka tun kafin ciyawa ta fito a kabarin Mama, kai ne ba ka zo ka karɓa ba. Aladu ina da su, Auta. Ƙane ne ba ni da shi."

Ran kasuwa mota ta zo ta tafi ba shi a ciki. Ya aika wa matarsa saƙo cewa masu ɗinki su yi haƙuri. Ya karɓi aikin ɗakin baya gaba ɗaya, don yayarsa ta daina kai da komowa tsakanin mai ciwo da masu lafiya. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke sharewa, shi ke riƙe ta in za a yi allura. Kwana tara aladiyar ta miƙe ta ci da kanta. Yayar ba ta yi gaggawa ba, ta sake ƙirga mako huɗu daga ranar da tarin ya tsaya, sa'an nan ta shigar da ita garke. Cikin ƙananan nan ashirin da shida ko ɗaya bai yi tari ba.

To, ga ma'anar wannan misali.

Telan nan ni ne, kai ne, ke ce. Mun san laifinmu sarai, amma tuba tana yi mana nauyi a baki, sai mu nemi abin da zai yi magana a madadinmu. Wani ya ƙara baiko, wani ya saya wa ikilisiya benci, wata ta fi kowa ɗaga murya a ƙungiyar mawaƙa. Waɗannan ba mugayen abubuwa ba ne. Amma Ubangiji ba ya rasa benci. Kai yake nema, da bakinka, kana kiran laifinka da sunansa.

Ɗakin baya kuwa shi ne lokacin da Allah yake ce wa mutum, "Dakata tukuna." Wani addu'arsa ce aka jinkirta. Wani kuma dattawan ikilisiya ne suka sa shi a horo, aka ce ya koma bencin baya, ya ajiye aikin da yake yi, kada ya ci jibi sai an ga tubansa. Ɗan'uwa, in kana can yau, na san abin da zuciyarka take gaya maka. Tana cewa an ƙi ka, an rama, ana ƙyamarka. Haka zuciyar telan ta gaya masa, kuma ƙarya ta yi. Akwai ciwon da mai shi ba ya gani, sai makiyayi. In ka ja igiya ka buɗe ƙofa da ƙarfi kafin lokaci, ba kanka kaɗai za ka cuta ba, akwai ƙanana a cikin garke waɗanda bangaskiyarsu ba ta yi ƙwari ba, su ne za su fara faɗuwa. Ka zauna a yi maka jinya. Wanda ya ware ka bai tafi ya bar ka ba, yana nan kusa da kai fiye da kullum.

Saura ku da kuke cikin garke, dattawa da sauranmu, kada ku yi saurin gyaɗa kai. Ware marar lafiya ba shi da wuya, kowa ya iya rufe ƙofa. Abin da ya sa nake yabon matar nan shi ne, bayan ta rufe, ta ɗauki bokiti ta bi. Ta ba da abinci mafi kyau, ta durƙusa a ƙasa, ta ƙirga kwanaki tana marmarin ranar buɗewa. Mu kuwa sau da yawa mukan sa mutum a horo, mu wanke hannu, mu manta da hanyar gidansa. Ya yi wata shida a bencin baya ba wanda ya je ya ce masa, "Yaya ka kwana?" In ya daina zuwa sai mu ce dā ma ba tuban gaske ya yi ba. Wannan ba horo ba ne, yasarwa ce, kuma Mai garken zai tambaye mu.

Kowannenmu ya san wani da ke zaune a baya, ko wanda ya gaji da zama ya daina zuwa. Kun san sunansa, kun san ƙofar gidansa. In an tashi sujada yau, kafin ku je ku ci tuwonku, wani ya bi ta can.